Aikin ƙugiya: yadda buga littafin Baba Malam ke tafiya

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Yau da hantsi Baba Malam ya iso shago a Birnin Kebbi da kayan cikin jakar leda: littattafan rubutu goma sha ɗaya da filas guda da aka ɗaura wa zare. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana koyarwa a firamare tsakanin ƙauyukan Argungu da Kamba, kuma tun kafin ya ajiye aiki yake tara darussan karatun Hausa na ajin manya. Akwai noman shinkafa a fadama, akwai su, akwai awon ciki, akwai lissafin kasuwa. Yana so ya ga abin ya zama littafi.

Sharaɗinsa ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan teburina ya ce, "Ɗana, in kun san za ku hidda mani ƙugiya, ku ba ni kayana in koma gida."

Sai ya buɗe darasin mata masu ciki ya nuna mini layin da ya rubuta: ɗaukar kaya mai nauyi na iya jawo ɓari. Ya ce in rufe ƙugiyar ɓ da farce in sake karantawa. Ni da na saba karatu zan gane abin da ake nufi ko da ƙugiya ko babu. Amma matar da ta fara haɗa baƙi wata uku da suka wuce, abin da ta gani a takarda shi za ta furta, kuma "bari" za ta ce. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa. Mai koyo ba ya da abin da zai yi hasashe da shi.

Shekara tara ina buga wa mutane takardu a shagon nan, katin biki da takardar yarjejeniya da aikin ɗalibai, kuma yawancin Hausar da ta fita daga hannunmu ba ta da ƙugiya ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki saboda haka. Na karɓi sharaɗin Baba Malam, kuma zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, domin na san akwai shaguna irin namu daga nan har Yauri da Zuru masu wannan matsala.

Kayan aikinmu: kwamfutocin tebur biyu masu Windows 10, ƙaramar kwamfutata mai Linux Mint, da Mac ɗin ƙanwata da ke aure a Jega, wadda ta ce za ta taya mu da dare. Sai wayoyin tsofaffin ɗaliban Baba Malam biyu da suka ɗauki littafi ɗai-ɗai.

Talata, 9 ga Satumba

Na buɗe filas. Fayil goma sha huɗu ne, an buga su tun da daɗewa a wani shago a Sakkwato, aka yi ta kwafe su daga wannan na'ura zuwa waccan. Abin da na gani a allo shi ne "}asa", "]aya", "~arawo", "{auye". Wasu fayil uku kuma suna cewa "qasa", "xaya", "varawo". Yaron da ke taya ni aiki ya leƙo ya ce ai cutar kwamfuta ce ta cinye su.

Ba cuta ba ce. A zamanin da aka buga su, hanyar da ake da ita ita ce a ƙera fon, wato salon zanen haruffa, na musamman, a ɗauki gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Ka danna q ko baka, fon ɗin ya nuna maka ƙ. Muddin fon ɗin yana cikin kwamfutar, komai lafiya. Ranar da fayil ya je inda babu shi, sai asalin abin da aka danna ya bayyana. Masu buga Hausa na shekarun 1990 sun san sunayen Rabi'at da Abdalla, fon ɗin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera, kuma littattafai da yawa sun fita da ƙugiyarsu cikakkiya albarkacin irin wannan aiki. Su suka riƙe mana ƙugiya a lokacin da babu wata dabara.

Yanzu akwai Unicode, tsarin da ya fara fitowa a 1991, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. Namu duk suna ciki. Na yanko kwalin sabulu na rubuta su da biro na manna a gefen kowane allo: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Harafin da aka shigar da wannan lamba harafi ne na gaske, ba aro ba. Ka tura shi ta WhatsApp, ka sa shi a Facebook, ka buɗe shi a Yamai ko a Landan, ƙ ce dai.

Asabar, 13 ga Satumba

Kwana uku muna gwada shigar da haruffan da lamba, kuma yau na tsayar da gwajin.

A cikin Word, idan ka buga 0199 ka danna Alt tare da X, lambar tana rikiɗa ta zama ƙ. Da "ƙasa" da "ɗaki" abin ya yi kyau, tunda harafin a farkon kalma yake. Da muka zo "haƙuri" sai ga ɗan akwati fanko a tsakiyar layi. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane. Lambobin nan suna amfani da haruffan a zuwa f a matsayin alƙaluma, don haka Word ya haɗa a ɗin "ha" da 0199 ya karanta a0199, lambar da ba ta da harafi. Hausa kuwa cike take da a kafin ƙugiya: baƙi, faɗa, taɓa, daɗi. Maganinsa a sa U+ kafin lambar. Wato don ƙ guda ɗaya sai yatsa ya sauka sau bakwai ko takwas.

Akwai ta biyu, a danne Alt a buga 0409 a lambobin gefen dama na kibod. A Word tana ba da ƙ. Yaron ya gwada ta a Notepad sai ga alamar ™. Dalili shi ne manhajoji da yawa ba sa ƙirga wannan hanya fiye da 255, in lamba ta wuce sai su zagayo, 409 ta koma 153. Ƙananan kwamfutoci da yawa ma ba su da lambobin gefen.

Abin da ya sa na tsayar da gwajin shi ne shafukan da yaron ya buga jiya. Na safe, ƙugiya duk tana nan. Na bayan azahar, sai ɗai-ɗai. Na kusan magariba, babu ko ɗaya, kuma ya rantse bai san lokacin da ya daina ba. Na yarda da shi. Yaro ne mai sauri, hannunsa ya saba gudu, kuma hannu ba ya jure tsayawa sau ashirin a kowane sakin layi. Mun daɗe muna cewa lalaci ne ke sa mutane zubar da ƙugiya. Jiya na ga mai ƙoƙari ya zubar da ita ba da saninsa ba. In ƙ ta fi k wahalar bugawa nesa ba kusa ba, k za a buga, kome yawan nasiha. Saboda haka abin da nake nema yanzu shi ne hanyar da ba ta wuce dannawa biyu ba a kowace na'ura.

Alhamis, 18 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Ashe Windows na ɗauke da kibod ɗin Hausa a cikinsa, shekara da shekaru muna zaune a kansa. A wurin saitin harshe ake ƙara Hausa, sai a riƙa sauyawa tsakaninta da Turanci da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara. Haruffa duk suna inda aka san su. Bambancin kawai, Alt na hannun dama tare da k yana ba da ƙ, tare da d ɗ, tare da b ɓ, tare da y ƴ. A ƙara Shift a samu babban baƙi. Kuma yana aiki ko'ina, a Word, a Notepad, a shafin intanet.

Alt na hagu ba ya yi, nan ne mutum ke ruɗewa a ranar farko. Na ɗiga jan farcen matata a kan na dama a kibod biyun. Kafin la'asar yaron ya daina kallon hannunsa. Na duba shafi shida da ya buga, ƙugiya biyu kawai ya tsallake.

Asabar, 27 ga Satumba

Makon nan na tsofaffin fayil ne. Aikin a baki mai sauƙi: a sa Word ya nemo } ya musanya da ƙ, ] da ɗ, ~ da ɓ, haka manyansu. Goma sha ɗaya sun tafi lafiya, sai wurare kaɗan da baka ta gaske ce Baba Malam ya sa, na mayar da su da hannu.

Masu q da x da v ne suka ba ni aiki. Da farko na manta ban kunna zaɓin bambance babban baƙi da ƙarami ba, na sake daga kwafin da na ajiye. Na biyu ya yi daidai, na buga shafukan a firinta na kai wa Baba Malam gida bayan isha'i. Yana zaune a tabarma da fitilar caji, ya sa tabarau, ya bi layi da bayan biro. Can sai ya tsaya.

"Wanga fa? Darasi na ƊIƁ?"

Darasi na XIV ne. Ya jera darussansa da lambobin Rumawa, ni kuma na ce wa na'ura kowace X ta zama Ɗ, kowace V ta zama Ɓ, ta kuwa yi abin da aka ce mata. Haka ta taɓa sunayen magunguna biyu a darasin asibiti. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin lambar darasi kowa zai ga ta lalace, amma sunan magani da harafi ɗaya ya canza zai iya wucewa har maɗaba'a. Na koma shago washegari na bi fayil ukun ɗaya bayan ɗaya, ina duba kowace musanya kafin in amince. Ya ci mini yini biyu. Daga yau ba a danna "musanya duka" a aikin nan.

Wani abu kuma da idon Baba Malam ya kama, ni ban gani ba. A shafukan farko da muka buga da lamba, akwai wurin da aka sa 0256 maimakon 0257. Wannan lamba tana ba da ɖ, mai wutsiya a ƙasa, harafin mutanen Ewe na Ghana da Togo. Namu ƙugiyarsa a sama take. A ƙaramin rubutu sun yi kama, amma in ka nemi "ɗaya" a fayil ba za ka samu wadda aka rubuta da ɖ ba. Haka Đ mai sanda a ciki, da wasu ke ɗaukowa daga teburin alamomi a madadin Ɗ. Na bincika fayil duka na fitar da su.

Asabar, 4 ga Oktoba

Linux da Mac.

A kwamfutata, Ctrl da Shift da U tare, sai lamba, sai tazara, yana ba da harafi. Yana aiki, amma ciwon da muka gudu ne. Abin da na yi shi ne na naɗa Alt na dama ya zama maɓallin haɗa haruffa, wanda suke kira Compose, na buɗe ɗan fayil mai suna .XCompose a babban jakata na rubuta layi takwas: wannan maɓalli sai k sau biyu ya ba da ƙ, sai d sau biyu ya ba da ɗ, har ƙarshe. Bai kama ba sai da na fita na sake shiga. Dannawa uku ce, ta wuce ƙa'idar da na sa wa kaina. Na haƙura da ita don gyara kawai nake yi a wannan na'ura, ba dogon bugu ba.

Ƙanwata kuwa a waya muka yi. Ta ce, "Yaya, ni fa kwafowa nake yi daga saƙonka ina mannawa." Shafi tara ta buga a haka, Allah ya saka mata. Na sa ta ƙara kibod mai suna ABC Extended a saitin Mac. A nan ana danna Option da Shift da ɗigo tare, a saki, sannan a danna k ko d ko b, ƙugiya ta hau. Ta gwada ina jin ƙarar maɓallan ta waya, sai ta yi shiru, sai ta ce, "Kai, Yaya, ga ta nan!" Akwai kuma Unicode Hex Input, inda ake danne Option a buga lambar, amma na ce ta bar shi don ranar da ta buƙaci wata alama daban.

Na san da Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da ke aiki a Windows da Mac da Linux da waya, wadda za ta iya sa mu duka a kan tsari ɗaya. Ban sa ta ba tukuna. Ina so takardar da zan raba wa shaguna ta tsaya a kan abin da ke cikin na'ura tun asali, wanda mai shago a Bunza ko Dakingari zai kunna ba tare da ya sayi data ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Kwana huɗu wuta ba ta zauna ba, man janareto kuma ba na dogon bugu ba ne. Aiki ya koma waya. Ɗaliban Baba Malam biyu sun ƙara Hausa a Gboard, kibod ɗin waya, suna danne k su riƙe sai ƙ ta fito. Ɗayansu manomi ne, yanzu hankalinsa na kan shinkafarsa, don haka littafi na tara zai jira girbi.

Shi ne ya gaya mini abin da ban taɓa lura ba, ya ce in ya sa ƙugiya a saƙon tes kuɗinsa ya fi tafiya. Gaskiyarsa. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga sai ya koma 70, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku. Shekarun da aka yi ana lissafin kowane tes, kafin WhatsApp, mutane sun koyi zubar da ƙugiya da aljihunsu. Wannan sabo ne muke fama da shi har yau.

Yau ne kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Kibod ɗin Hausa na nan yana aiki, yana kuma cikin Windows 11. Kwamfutocin tebur ɗinmu tsofaffi ne, zan yi shawarar makomarsu bayan littafi ya fita.

Asabar, 25 ga Oktoba

Doguwar muhawara yau a kan harafi ɗaya.

A littattafan da Baba Malam ya rubuta lokacin yana Kamba, "ƴaƴa" yake sawa. A na Argungu kuma "'ya'ya". Ba ruɗewa ya yi ba. Kamba bakin iyaka take, tsallake kaɗan Gaya ce, kuma a Nijar ƴ ake rubutawa, a Nijeriya 'y. Ajinsa na can akwai waɗanda suka fara karatu da takardun Nijar. Shi yana son ƴ har zuciya. Ya ce 'yan'uwanta uku duk an ba su ƙugiya tun shekarun 1930, zamanin Rupert East, Baturen Hukumar Talifi a Zariya, ita kaɗai aka bari da ɗan waƙafi a rataye.

Ni ma a wajen bugu ƴ ta fi mini sauƙi, ga ta nan a Alt na dama. Waƙafin sama kuwa fitina ne. Idan ya zo a farkon kalma, Word yana ɗaukarsa buɗe zance ne, sai ya lanƙwasa shi ta baya, na tsakiyar kalma kuma ta gaba, kalma ɗaya ta fito da alama iri biyu suna kallon juna. Duk da haka na ba da shawarar mu tsaya a kan 'y. Wanda ya gama littafin nan, abin da zai ci karo da shi a littafin makarantar ɗansa da jarida da takardar asibiti a Kebbi 'y ne, kuma littafin koyon karatu gada ce zuwa sauran takardu. Baba Malam ya yi shiru yana juya carbi, sannan ya ce to, amma a ƙara rabin shafi a darasin haruffa da zai nuna ƴ, a ce haka 'yan'uwanmu na tsallake ke rubutawa. Wannan ya fi abin da na kawo. Ya rubuta rabin shafin nan take a bayan ambulan.

Ta fuskar na'ura, na kashe lanƙwasa waƙafi ta kai tsaye a kwamfutocin duka. A ƙarshen aiki zan mayar da na cikin kalmomi zuwa 02BC, alamar da Unicode ke lissafawa a matsayin harafi, don kada kalma irin "sana'a" ta tsinke biyu a wurin nema. Da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Sanyin safe ya fara, ƙura na shiga kibod, mun koma rufe su da ɗankwali. An gama littafi takwas cikin goma sha ɗaya, da tsofaffin fayil duka.

Ranar Alhamis na kai darasi uku maɗaba'a don gwaji. Mai tsara shafi ya zuba su a manhajar CorelDRAW ya zaɓi wani fon mai kyan gani, ya fitar mini da shafi. Daga nesa lafiya. Da na kusanto da shi sai na ga kowace ƙ ta fi maƙwabtanta siranta, kowace ɗ ta ɗan nutse ƙasa da layi, kamar haƙorin Makka a cikin baki. Fon ɗin da ya zaɓa ba shi da haruffanmu, na'ura ta aro su daga wani. Wannan matsala daban take da ta kibod, harafin daidai yake a fayil, rigar da aka sa masa ce ba tasa ba.

Na ba shi Andika a filas, fon ɗin da SIL ta ƙera musamman don masu koyon karatu, kyauta ne kuma lasisinsa ya yarda a buga littafin sayarwa da shi. Haruffansa a buɗe suke, a da g irin na rubutun hannu ne, ƙugiya kuma ta fito sosai ba a matse ba. Gabatarwa da bayanin malami za su tafi da Charis SIL. Mun yi magana cewa PDF zan kawo masa da fon a cikinsa, ba fayil ɗin Word ba. Ya nemi in kunna masa kibod ɗin Hausa a kwamfutarsa kafin in tafi, na kunna, na bar masa kwali ɗaya na lambobi.

Jiya Baba Malam ya kai sabon shafin wa wata maƙwabciyarsa da ke ajin manya, ba tare da ya gaya mata komai ba. Ya ce ta bi layin da yatsa a hankali, ta zo kan kalmar, ta ɗan tsaya, ta ce "ɓari".

Saura littafi na tara, yana jiran a gama yankan shinkafa. Na goma da na sha ɗaya suna hannun ƙanwata. Takardar shaguna na rubuta ɓangaren Windows da na waya, shafi ɗaya, kuma ranar Laraba zan kai ta shago biyu da ke layinmu in zauna in ga ko za su iya bi ba tare da na sa baki ba.